Sunan Silas Thurlow a Babi Na Bakwai

Mahaifinmu, Enoch Sallis, littafi ɗaya ya rubuta a rayuwarsa, amma sau biyu ya rubuta shi.

Malamin makaranta ne a Tarnsey, ƙauyenmu na cikin fadama, inda kogi ya fi gonaki tudu, ba abin da ke tsare mu sai ganuwar ƙasa da ƙofar ruwa guda ɗaya. Ina ɗan shekara huɗu ruwa ya ci ƙauyen. Mutum talatin da ɗaya suka mutu, har da mahaifiyarmu. Ni ban riƙe komai ba, sai yayata Keziah, wadda ta girme ni da shekara biyar, ita ce ke ba ni labarin yadda muka wuni a kan rufin coci muna kallon tumaki suna wucewa a kan ruwa.

Baba ya kasa haƙura. Ya bi gida gida yana tambayar waɗanda suka tsira, yana rubutawa, har ya haɗa littafi, aka buga shi a Landan a shekarar 1812. A babi na bakwai ya faɗi abin da duk gari ke faɗa a lokacin: wai Silas Thurlow, mai tsaron ƙofar ruwa, ya sha giya ya yi barci, bai buɗe ƙofar ba har ganuwa ta fashe. Baba ya iya rubutu, kuma da zafin zuciya ya rubuta babin. Duk wanda ya karanta sai ya ji ya tsani mutumin. Aka kori Silas daga aiki, mutane suka daina amsa gaisuwarsa. Bayan shekara uku ya rasu, makwabta huɗu kaɗai suka raka gawarsa.

Shekara tara da fitar littafin, wakilin mai gonakin yankin ya kwanta ciwon ajali, ya sa aka kira limamin coci da shaidu biyu. Ya ce shi ne ya karɓe mabuɗin ƙofar daga hannun Silas a ranar, don kada a sako ruwa a kan alkamar maigidansa. Silas ya roƙe shi har da durƙusawa, kuma bai sha komai ba.

Baba ya yi kwana uku bai shiga aji ba. A rana ta huɗu ya sa tufafinsa na coci, ya ce wa Keziah ta raka shi gidan su Thurlow. Matar marigayin ta rufe musu ƙofa. Suka koma washegari, ta sake rufewa. Ɗanta Reuben ne, bayan wata guda ana haka, ya fito ya miƙa wa Baba kujera a bakin ƙofa. Daga wannan zarya ce Keziah da Reuben suka saba, har suka yi aure. Aka ba Reuben aikin mahaifinsa, da mabuɗin, da ɗan gidan da ke kan ganuwa.

Baba ya sake rubuta littafin. Ya cire babi na bakwai gaba ɗaya, ya sa sabo, da bayanin wakilin, da neman gafara mai shafi huɗu da sunansa a ƙasa. Ya sayar wa tsoho Lathom, mai shagon littattafai a Landan wanda tsohon bugun ke hannunsa, haƙƙin mallakar sabon bugun a kan kuɗi kaɗan, da sharaɗi ɗaya: kada a ƙara buga tsohon. Lathom ya cika alkawari. Sabon ya fito a 1822, da bangon fata, ana sayar da shi sule goma sha biyu. Baba kuwa duk inda ya ji akwai tsohon bugu, sai ya je ya musanya shi da sabo, ya kawo tsohon gida ya jefa a murhu. Haka ya yi ta yi har ya rasu a 1836.

Ni a lokacin na daɗe a Landan. Ina aikin jera haruffa a maɗaba'ar maigida Obadiah Crake, wanda sana'arsa ita ce buga littattafan da wa'adin mallakarsu ya ƙare, a sayar wa talaka a kan sisi. Ina son aikin, ban kuma taɓa jin kunyarsa ba. Na sha ganin mai dako ya tsaya a gaban shagonmu yana juya sisi a hannu, ya shigo ya fita da littafin da a da sai mai keken doki ke iya saye.

Doka a wancan zamani ta ce littafi na mai shi ne shekara ashirin da takwas daga ranar da aka fara buga shi, ko iya rayuwar marubucin in ta fi haka tsawo. Shekara guda bayan rasuwar Baba aka kawo wa majalisa ƙudurin a tsawaita, ya zama shekara sittin bayan mutuwar marubuci. Gari ya ɗauka. Marubuta suna rubuta takardun roƙo, mu ma masu ɗab'i da masu ɗinkin littafi da masu yin takarda muka rubuta namu, muka ce in an yi haka bakinmu zai bushe, talaka kuma ya koma kallon littafi ta bayan gilashi. Da aka zagayo da takardar a wurin aikinmu, na sa hannu ban yi wani tunani ba. Ban ma tuna da littafin Baba ba, gaskiyar magana ke nan.

Keziah ta tuna. Ta lissafa tun ranar jana'iza cewa a 1840 tsohon bugun zai fita daga hannun Lathom, ya zama na kowa. Duk mako sai ta je gidan limami ta ari jarida ta ga inda aka kwana a majalisa.

Da na je gidanta Kirsimeti na 1838, muna cin naman dinya da dankali da rana, sai bakina ya suɓuce na ce na sa hannu a takardar masu ɗab'i. Ta ajiye cokali. Ta ce in mutum ya gina gida, jikokinsa ne ke gado, ba wanda ke zuwa bayan shekara ashirin da takwas ya ce kowa ya shiga ya kwana. Don me abin da mutum ya gina da kansa da idonsa zai fi bulo arha? Na ce mata littafi ba gida ba ne, in na karanta bai rage mata komai ba. Na maimaita mata abin da tsofaffin ma'aikatanmu ke faɗa, cewa tun asali ba don gado aka yi dokar ba. A da, manyan masu shaguna ne ke riƙe da littattafai har abada, suna sa kuɗin da suka ga dama. Shi ne aka ba marubuci shekara goma sha huɗu, a ƙara masa wasu sha huɗu in yana raye, don masu ilmi su sami ƙarfin gwiwar rubutu, bayan nan littafin ya koma hannun jama'a. Ciniki ne, na ce mata, tsakanin marubuci da mutanen ƙasa, kuma an riga an ƙara masa sau ɗaya.

"Ka iya magana, ɗan birni," in ji ta. "To, wanne daga cikin littattafan Baba ne zai koma hannun jama'a?"

Ban gane ba sai da ta sake tambaya. Reuben yana ta yanka wa 'yarsu Dorcas nama, bai ɗago kai ba. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wa zai damu da labarin ambaliyar wani ƙauye ta shekara talatin da suka wuce? Ta ce Allah ya sa.

Ƙudurin ya faɗi a wannan shekara, ya sake faɗuwa a ta gaba. Kowane karo mu a wurin aiki sai a aika a sayo giya a yi murna.

A farkon bazarar 1840 maigida Crake ya ajiye wani tsohon littafi a kan teburina, bangonsa ya tsage, ya ce in fara jerawa ranar Litinin. Na buɗe. Bugun 1812 ne, wanda ya kuɓuce wa murhun Baba. Crake bai san ɗansa nake ba, don Sallis suna da yawa a Landan. Na bi shi ofis na gaya masa komai, tun daga mabuɗi har zuwa kujerar da Reuben ya miƙa.

Ba mugun mutum ba ne Crake. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge. Ya ce wata ƙungiyar masu yaƙi da shan giya ce ta ba da aikin, kwafi dubu uku, za su raba a majami'u da masaƙu, kuma saboda babi na bakwai suke so. Mashayi ɗaya, rai talatin da ɗaya, wane wa'azi ya fi wannan? Na ce ai ƙarya ne. Ya ce to in je in gaya musu. Na je. Sakatarensu ya karɓe ni da fara'a, ya ce abin takaici ne ƙwarai, amma mutumin ya daɗe da mutuwa, rayukan da labarin zai ceto kuma suna nan da rai.

Na koma wurin Crake na roƙe shi ya buga gyararren. Ya ce da gudu zai buga, ko ƙungiya ba ta saya ba, amma sabon babin da neman gafarar na Lathom ne har 1850. In ya taɓa layi ɗaya a ciki, kotu ce za ta raba su.

Na rubuta wa Keziah. Bayan kwana biyar ta iso Landan a keken doki na haya, karo na farko a rayuwarta, da baƙar rigar da ta sa a jana'izar Baba. Muka tafi shagon Lathom. Tsohon ya rasu, ɗansa ne a wurin, mutum mai ladabi da taushin murya. Ya sa aka kawo mana shayi. Keziah ba ta taɓa kofin ba. Ta ce ba kuɗi ta zo nema ba, abu ɗaya take roƙo, ya bar Crake ya buga gyararren a kan sisi, ko kuwa shi da kansa ya yi bugu mai arha, don gaskiya ta riski ƙarya a kasuwa ɗaya.

Ya ce ya fahimce ta sarai. Sai dai akwai sauran kwafi masu bangon fata jibge a ɗakin ajiya, in mai arha ya fito sun zama takardar naɗe kifi. Kuma in ya yi wa mutum ɗaya, gobe magadan kowane marubuci za su yi layi a ƙofarsa. Ya ce mahaifinsa ya cika alkawarin da ya ɗauka, shi ma bai karya ba, ba shi ne ke buga tsohon ba.

"Yallaɓai," in ji Keziah, "wato ƙaryar ta zama ta kowa, gaskiyar kuma taka ce kai kaɗai."

Ya ce ba shi ya rubuta dokar ba. Ya raka mu har bakin ƙofa.

A kan titi ta tsaya ta dube ni. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta tambaye ni a hankali ko ni ne zan jera babin. Na ce in ban yi ba wani zai yi, kuma ina da mata da yara huɗu, kuma Crake ya yarda in ƙara 'yan layuka a ƙarshen littafin in ce marubucin ya janye zargin daga baya. Duk gaskiya ne abin da na faɗa. Ta gyaɗa kai, ta ce in nuna mata inda ake shiga keken komawa. Na ce ta kwana gidana ta ga yara, ta ce Reuben na jiranta.

Ni na jera shi. Sau goma sha tara sunan Silas Thurlow ya fito a babin, kowanne da yatsuna na ɗauko haruffansa ɗaya bayan ɗaya na sa a layi. Hannu ba ya tambaya, aikinsa kawai yake yi. Layukan da na ƙara guda uku ne, da ƙananan haruffa, a shafin ƙarshe, ƙarƙashin tallar wasu littattafai. Kafin shekara ta zagayo, maɗaba'u biyu a arewa sun kwafe namu, ba su ma ɗauki littafin duka ba, babi na bakwai kaɗai suka buga a kan kwabo, da zanen mutum kwance rungume da kwalba. Layukana uku ba su bi su ba.

Da kaka takardun suka isa Tarnsey. Wani mai wa'azi baƙo ya karanta babin a dandalin kasuwa, bai san a ƙauyen da abin ya faru yake tsaye ba, ko kuwa ya sani, ban taɓa tabbatarwa ba. Tsofaffin da suka ji bayanin wakilin da kunnensu yawancinsu sun mutu. Matasa kuwa ga abu a rubuce a hannunsu, da sunan malamin makarantar garin a kai. Gyararren guda biyu ne a duk ƙauyen, ɗaya a gidan limami, ɗaya a gidan Keziah. Ta ɗauki nata ta bi gida gida, kamar yadda Baba ya yi a da. Wasu suka saurara. Wasu suka ce ai dole ta faɗi haka, tunda ɗansa take aure.

Ba wanda ya kori Reuben. Sai dai in ruwa ya ƙaru, sai ya ga mutum biyu ko uku sun zo sun tsaya a kan ganuwa, wai shan iska suke yi. Wata rana ya tarar da kwalbar giya an rataye a jikin ƙofar ruwan. Dorcas ta daina zuwa makaranta. Reuben mutum ne da bai taɓa kai giya bakinsa ba tun yana yaro, saboda abin da aka ce da mahaifinsa, kuma shekara goma sha shida yana tsaron ƙofar nan ba a taɓa samun ko gona ɗaya ta nutse ba. A watan Maris na 1841 ya kai mabuɗin gidan sabon wakilin mai gonakin ya ajiye a kan tebur. Suka kwashe kayansu suka koma wani garin masaƙu a arewa, inda ba a san sunan ba sai a takardar kwabo, ita kuwa ba wanda ke haɗa ta da mutumin da ke share ƙurar auduga a ƙarƙashin injuna.

A 1842 dokar ta wuce. Ba sittin ɗin aka bayar ba, shekara arba'in da biyu aka yi daga ranar bugawa, ko bakwai bayan mutuwar marubuci in hakan ya fi tsawo. Da ta zo shekara biyu kafin nan, da tsohon bugun bai fita ba. A wurin aikinmu aka ce an yi raba daidai, aka sha giya duk da haka. Ni na fita na zaga bakin kogi har aka tashi.

Sabuwar dokar ta ce littafin da marubuci ya riga ya sayar, ba za a ƙara masa wa'adi ba sai magadansa sun yarda. Sai ga wasiƙa daga Lathom zuwa ga Keziah, wadda Baba ya bar wa gadon littafin a wasiyyarsa, yana neman ta sa hannu a tsawaita mallakar gyararren har 1864, za a raba riba da ita. A lokacin suna zaune a ɗaki ɗaya su uku, Reuben ya fara tari. Ta aiko mini da wasiƙar, ita ce takarda ta farko da na samu daga gare ta tun ranar shagon Lathom. A bayanta ta rubuta: "Shekara biyar ina roƙon Allah a tsawaita. Ka mayar masa, ka ce ban yarda ba. Ko kwana ɗaya kada a ƙara."

Na kai masa da hannuna. Ya karanta, ya ce abin mamaki, ya sa a aljihun tebur.

Reuben ya rasu a hunturun 1845, ƙirjinsa ne ya ci shi. Ban sami labari ba sai bayan an binne shi.

Da 1850 ta zo, gyararren ya zama na kowa. Na je wurin Crake, wanda tsufa ya kama a lokacin, na tuna masa maganarsa. Ya ce bai manta ba, amma in faɗa masa gaskiya, wa zai sayi labarin ambaliyar da babu mashayi a ciki? Duk da haka ya ba ni aron injin da haruffa a ranakun da babu aiki, na sayi takarda da kaina. Wata bakwai na yi ina jerawa. Na buga ɗari biyu. Na aika wa limamin Tarnsey ashirin, ya amsa da godiya, ya ce zai ajiye a ɗakin karatu na coci. Sauran na raba wa masu tallar littafi, yawancinsu suka dawo mini da su.

Na ɗauki guda ɗaya na hau jirgin ƙasa zuwa arewa. Na sami Keziah a gidan Dorcas, wadda ta yi aure ta haifi biyu. Shekararta hamsin kacal, amma sai da na ji muryarta na tabbatar ita ce. Ɗinkin da ta yi ta yi don ciyar da su ya cinye mata ido. Na sa mata littafin a cinya, ta shafa bangon, ta buɗe, ta kai hanci ta shinshina tawadar. Ta tambaya nawa ake sayarwa, na ce sisi. Na ce ko in karanta mata neman gafarar Baba, ta ce a'a, ta haddace shi tun tana budurwa.

Na daɗe ina shirya abin da zan faɗa mata a cikin jirgi. Na fara, na ce, "Yaya, ranar nan a kan titi..."

"Bari, Jabez," ta ce. "Ka zo daga nesa. Dorcas, zuba wa kawunki miya."

Muka ci burodi da miyar albasa. Ta tambaye ni yarana ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu, har da ƙaramar da ba ta taɓa gani ba. Ta ce ƙafafunta na kumbura in an yi sanyi. Mijin Dorcas ya dawo daga masaƙa, muka gaisa, ya yi ta ba ni labarin yajin aikin da suke shirin yi. Da yamma ta yi na tashi don kada jirgi ya bar ni. Keziah ta riƙe hannuna a bakin ƙofa, ta ce in gaida matata, in kuma riƙa rufe wuyana, don Landan akwai hazo.

Ta ƙara shekara uku a duniya. Na sake zuwa sau biyu, ba mu ƙara tayar da maganar ba.